Telan da Na Yi wa Sutura

Ni a shago nake rubutuna, tsakanin mai taya atamfa da mai cewa zai dawo. In kuran, wato wutar lantarki, ya zo in cika waya in rubuta, in bai zo ba in riƙe babin a kaina har Allah ya kawo shi. Wa zai buga miki littafin Hausa a Bangui? 'Ya'yan cikina ma in na karanta musu, da Sango suke tambayata me ake nufi. Shi ya sa duk Alhamis bayan la'asar nake shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, matan kartiye, wato unguwarmu, su taru in karanta musu abin da na samu a satin. Kuma wallahi ba sa rufa min asiri. In babi bai yi daɗi ba, a gabana za su kama hirar tsadar rogo.

A wani littafi na sa tela. Cikon benci ne, ba da shi ake yi ba. Ina neman halin da zan ba shi sai na tuna wani maƙwabcinmu a unguwar Miskine, tun kafin rikici ya koro mu unguwar Kilomita Biyar, saurayi mai magana da allura a baki, in zai auna mutum sai ya runtse ido ɗaya. Na ɗauko na liƙa wa telana. Haka sana'ar take, marubuci tsintau ne.

Na sha'afa uwarsa tana cikin masu saurarena. Inna muke ce mata, tsohuwa mai ƙosai a bakin layinmu. Ɗan nata ya fita wata safiya lokacin rikicin, wai zai koma Miskine ya ɗauko kan kekensa na ɗinki. Bai dawo ba, ba a kuma ga gawa ba. Shekaru suka tafi, ta hana a yi masa salla, ta hana a yi mata gaisuwa. Duk wanda ya yi kuskuren cewa Allah ya jiƙansa, sai ta tambaye shi wa ya ce masa ya mutu.

Ina karanta wurin runtse idon nan sai na tuna tana zaune a wurin. Inna ba ta motsa ba. Sai da aka watse, tana taya ni naɗe tabarma, ta tambaye ni ko telan ya yi aure. Na ce tukuna. Ta ce to a nema masa, shekaru sun ja.

Nan na shiga uku. A tsarina telan zai mutu a tsakiyar littafi, mutuwarsa ce za ta tashi yarinyar labarin daga garin. In bai mutu ba, ba inda za a. To ta yaya zan kashe shi a gaban uwarsa? Sai na kama jan ƙafa. Na yi masa aure, na buɗe masa shago, na haɗa shi faɗa da masu ɗinkin Salla. Inna kuwa duk Alhamis sai ta zo min da ƙosai mai zafi, ta tambaye ni ko yana cin abinci, ko matar tana da haƙuri. Sauran matan suka gaji. Wata ta ce min ido da ido na bar yarinyar mutane a tasha da jaka a hannu tun kafin azumi. Na ce in ta iya ta rubuta nata. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ƙona min rai.

Tsoro ya fara kama ni da rana tsaka. In ina yanka atamfa sai in ji kamar akwai mutum a bayana yana auna ni. Ƙarar kekunan layin teloli ta zama abin da ba na son ji, har na canza hanyar zuwa shago. Rubutu ya tsaya cak, na riƙa ce wa mata babu kuran.

Rannan Inna ta zo shagon da kanta, ta zauna a kan dilar kaya ta huta. Ta ce ita ma ta yi wa yara tatsuniya, ta san inda labari ya dosa tun kafin ya isa.

"'Yar nan, ki bar shi ya tafi," ta ce. "Amma a kan gadonsa, ina kusa. A yi masa wanka, a sa masa likkafani sabo, a sallace shi a Masallacin Koudoukou, sahu ya cika. Kada ki bar min shi a kan hanya."

Ban taɓa shan wuyar babi irin wannan ba. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, sai da na zaunar da maigidana ya faɗa min yadda ake sa mutum, yadda ake jera itace, wa ke fara zuba ƙasa. Yana faɗa ina kuka, yana tambayata wai wa ya rasu.

Na karanta ranar Alhamis. Inna ta saurara idonta a bushe, duk inda liman ya yi addu'a ta ce amin. Washegari ta shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakinta ta zauna, kartiye ya yi ta zuwa gaisuwa. Ni ma na je na durƙusa na ce Allah ya jiƙansa, ta amsa.

Ba a yi sati ba wasu mata biyu daga unguwar Yakité suka shigo shagona. Ban san su ba. Suka yi ta juya atamfa ba su taya ba, har babbar ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Nawa dogo ne, yana da wushirya," ta ce. "Burodi ya fita saya, bai dawo ba."