Kada Ki Taɓa Yekuwa

Ina biro, wato ofis, a Yamai ranar Talata da hantsi wayar ta shigo daga Bande: Malam Isufu ya rasu bayan sallar asuba. Na yi salati, na daɗe ina kallon kujerarsa, wadda ba wanda ya zauna a kanta tun da ciwo ya mai da shi gida.

Shi ya koya mini aikin kula da babbar na'urar ma'aikatarmu. Na'ura ce guda, amma a cikinta ana yanka ƙananan na'urori masu yawa, kamar gida mai ɗakuna, kowace da aikinta. Malam bai yarda da kiran su da lamba ba, sai ya raɗa musu sunayen garuruwan yankinsu: Kwaya, Bande, Yekuwa. Bai taɓa kashe ɗaya ba sai ya buga wa masu amfani da ita waya. Yakan ce, "Ɗiyata, ba a shiga gidan mutane ba sallama."

Bana aka kawo sabon lojisiyel, wato manhaja, na sarrafa na'urorin, ni kuwa na ɗauke shi kamar in haɗiye. Yana ɗauke na'ura tana cikin aiki ya mai da ita wani wuri ba tare da an kashe ta ba. Yana kuma jero waɗanda suka daɗe ba motsi, ya ba da shawarar a goge su. Malam ya yaba da na farkon. Na biyun ne ya haɗa mu, domin Yekuwa ce a saman jerin, wata tara ba wanda ya buɗe ta.

A gaban shef, shugabanmu, na ce a goge ta. Malam ya ce, "Rumbun iri ne wannan. Mai ganin sa a rufe da rani sai ya ce ba mai shi." Ni kuma da rawar kan wadda ta iya sabon abu na ce, "Malam, lojisiyel ya fi mu lissafi. Zamanin aiki da ka ya wuce." Ya cire tabarau ya goge, ya roƙi shef a jinkirta. Mako biyu bayan nan ya kwanta ciwo. Kullum ina cewa gobe zan kira in nemi gafara, kunya tana hana ni, har goben ta ƙare.

Na isa Bande ranar addu'ar uku. Matarsa, Inna Hadiza, ta kama hannuna ta ce, "Ke ce Rabi? Ya bar miki saƙo. Ya ce kada ki taɓa Yekuwa sai ruwan farko ya sauka."

Na ce, "Inna, bai ce ya yafe mini ba?"

Ta dube ni da mamaki. "Yo me kika yi masa? Bai taɓa cewa kin yi masa laifi ba."

Wannan amsa ce take hana ni sakewa har yau. Ban sani ba ko ya yafe ne, ko kuwa ya haɗiye ya tafi da abinsa.

Da ruwan farko ya sauka, Yekuwa ta farka. Malaman gona suka shiga suna ciro sunayen ƙauyukan da za a raba wa irin gero da na wake, aikin da ake yi sau ɗaya a shekara. Lojisiyel da kansa ya cire ta daga jerin. Na juya in gaya wa Malam, sai kujera.

Allah ya jiƙan Malam Isufu, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna Hadiza da yaransa haƙuri, ya tsare musu bayansa. Wanda ya karanta wannan ya sa ni ma a addu'a, Allah ya sa Malam ya yafe mini kafin ya cika.