Sojan Rasha a Cikin Gero

Akokan, ran Jumma'a

Ƙarfe biyar saura kwata na fito, rungume da kwanon gero. Cikin geron akwai sojan Rasha tamanin na zamanin yaƙinsu da Faransa, kowane bai kai ɗan yatsa ba. Ni na zuba su da dalma, na yi musu fenti. Uwargida ce ta ce in binne su a gero kamar ƙwan zabi, don hanyar Agadez ba ta san mutunci ba.

Wurin Alhasan na nufa a Agadez, shef ɗina, wato shugabana na aiki, a ramin haƙar ma'adini na Akokan kafin a rufe shi. Shi ke da rundunar Faransa. Wasan yaƙi muke yi a kan tebur, ana auna tafiyar soja da mitir, ƙwayar ludo ta faɗi wanda harsashi ya samu. Sau goma sha ɗaya yana cinye ni, ga shi zai koma Yamai wurin 'ya'yansa. In ban rama yanzu ba, shi ke nan.

Hanya

Kar, babbar motar fasinja, ta tashi daga Arlit ƙarfe shida. A shinge, bayan mararrabar Imouraren, jandarma ya tsoma hannu a geron, ya zaro mahayin doki.

"Baba, wannan fa?"

"Yaƙi za mu, ɗana."

Ya juya shi yana dariya. "Allah ya ba da sa'a."

Kilomita wajen ɗari biyu da arba'in, amma sai bayan la'asar muka shiga Agadez, ƙuguna kamar ba nawa ba.

Agadez

Na ajiye kwanon a zauren Alhasan, muka tafi masallaci ni da shi. Da dawowarmu na ji tabarya. Hajiya Tima, matar Alhasan, ta ɗauka tsaraba ce, ta kwashi na sama ta zuba a turmi za ta yi mini fura. A saman kuwa mahaya dokina suke, su goma sha biyu. Na tarar da su sun zama faifai.

"Wayyo Malam Sani, ban sani ba."

"Ba komai, Hajiya," na ce, alhali kuka kawai ya rage mini.

Alhasan ya ce a fasa wasan. Na ce ko da soja ɗaya ne sai an yi.

Asabar, ƙarfe tara, muka jera. Ni dama ciwona gaggawa ne, kullum da dawakai nake afka masa, ya tare su da igwa. Yau babu dawakan. Dole na ja baya, na ba shi ƙauye, na ba shi gada, na laɓe bayan tudun kwali. Ya biyo ni har ya bar igwoyinsa a baya, igwoyina shida suka buɗe masa wuta. Kafin azahar ya kwantar da tutarsa.

"Sani, wa ya koya maka haƙuri?"

"Tambayi Hajiya."

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Furar ma an zubar saboda dalma, da shinkafa aka yi bikin.

Gida

Lahadi da magariba na iso Akokan lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Alhasan da ya ba ni tutar Faransa in riƙe. Uwargida ta tambaya ko in sake zuba dawakai za ta samo mini dalma. Na ce ta bari, Hajiya Tima ta riga ta gyara mini runduna.