Kurmin da na dasa a bayan gida

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Babban Duhu, na tare da iyalina a Batsari, a wani gida na bakin unguwa. Bayan gidan akwai kangon fili, girmansa bai fi ɗaki huɗu ba. Na je na gai da mai unguwa na nemi izinin dasa itatuwa. Ya ce in dasa. Na san darbejiya ya zata.

Ni itatuwan dajinmu nake so, dajin da na yi kiwo a cikinsa ina ƙarami, wanda yanzu ba mai shiga ya fito lafiya. Na ce tunda ba zan koma ba, bari in ajiye kaɗan daga cikinsa inda idona zai riƙa gani.

Aikin na bi shi daki-daki. Da farko na haƙe filin har zurfin gwiwa, na cakuɗa ƙasar da takin awaki. Bayan haka na roƙi mutanenmu masu satar jiki su leƙa gona su riƙa kawo mini 'ya'yan itace a aljihu: kirya, marke, kanya, ɗinya, taura, kalgo da sabara. Na rene su a leda. Da ruwa ya sauka na dasa su kusa da kusa, taku ɗaya tsakani, a cakuɗe. Wannan ya yi mini wuya, don ni mutum ne mai son layi, kuma mahaifina ya koya mini cewa ko gero in ya yi yawa a rami rage shi ake yi. Amma wani malamin gona ya ce in bar su su matsi juna, haka za su yi tseren neman rana. Na rufe ƙasan da karan dawa. Rani biyu ina ɗebo ruwa daga rijiya, safe da bayan la'asar.

A damina ta uku sun fi ni tsawo. Kurciyoyi suka yi sheƙa. In an yi ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙen ganye yana shigowa har tsakar gida, sai matata ta dakata da daka. Maƙwabcina mahauci kullum sai ya tsokane ni.

"Malam, yaushe za a kawo kurayen? Ka faɗa mini in tanadi ƙashi."

"Kai dai gyara ma'auninka," nake ce masa.

Cikin wannan damina aka kai hari wani ƙauye kusa da gari. Mutanensa suka kwararo unguwarmu da tabarmi a ka. Bayan kwana biyu mai unguwa ya tara mu a ƙofar masallaci, ya ce an yanke shawara: kada a bar wata duhuwa kusa da gidaje, ko dawa ce a sare ta. Bai kalle ni ba, amma kowa ya kalle ni.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, wurin nan ɗan mitsitsi ne. Ko akuya ba za ta ɓuya a ciki ba."

Wani dattijo cikin baƙin ya ce, "Ɗan'uwa, waɗanda suka kashe ɗana daga cikin sabara suka fito. Ba ta kai taka tsawo ba."

Na zauna.

Ranar Asabar aka yi gayya. Na roƙa a bar ni in yi saran da kaina, aka bar ni. Ina da dabara a raina: in sare su daidai gwiwa, don na san kalgo da sabara da marke suna tofowa daga kututture. Abin da na manta shi ne duk waɗanda ke tsaye a wurin manoma ne, sun yi shekara da shekaru suna sassabe, sun san abin da na sani. Ina ajiye gatari suka shigo da fartanya da diga. Suka tone kututturen ɗaya bayan ɗaya har saiwa, suka tara, suka cinna wuta. Ba wanda ya yi da mugunta. Aiki suka yi mai kyau, irin wanda ni ma zan yaba da a gona ne. Mahauci yana cikinsu, ranar bai yi mini wasa ba.

Da kaka na haɗu da wani mutumin Tsaskiya a kasuwa, na tambaye shi ko zai samo mini 'ya'yan kirya. Ya ce kiryar wajensu duk an ƙone ta an yi gawayi, wadda ta rage tana can inda ba a zuwa. Sai ya ce, "To Baba, in an samo ma, ina za ka dasa?"

Na ce masa ya bari kawai.