Kakana da Hannun Hagu

Kakana na wajen uba bai taɓa yarda an koma hannun dama ba. Labari kam ya ji, domin yana magidanci lokacin da gwamnati ta ce motoci su bar hagu su koma dama. Abin da yake cewa shi ne dokar ba ta iso mu ba. A faɗarsa, mai shelar da aka taso daga Kano ya iso gadar Wudil da yunwa, ya tarar ana suyar kifi, ya zauna ya ci ya yi nak, barci ya kwashe shi. Da ya farka sai ya ɗauka ya gama aikinsa, ya juya gida. Saboda haka duk wanda ke gabas da gada, daga Gaya har Ajingi har ƙauyenmu na bayan Toranke, yana nan a hagu sai ranar da aka aiko wani.

Da wannan hujja yake hawan kekensa. Baƙin keke ne mai nauyin tsiya, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a kansa yake zuwa gona da kasuwa da ta'aziyya da suna.

Ba shi kaɗai ke da tarihin ba. Tsofaffin da ke zama a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci kowa da nasa. Wani ya ce Turawa duk bahagwai ne, shi ya sa suka ɗora mu a hagu tun farko. Wani ya rantse cewa da kaɗan-kaɗan aka yi canjin, manyan motoci suka fara komawa dama, ƙanana suka biyo baya da aka ga abin ya zauna. Na taɓa tambayar wannan tsohon yadda aka yi ba su yi karo ba a tsakani, ya ce ai mutanen da suna da haƙuri. Da na fara koyarwa a firamare a Gaya, na zo musu da abin da na karanta, cewa an yi ne don mu daidaita da maƙwabtanmu irin su Nijar. Suka dube ni da tausayi. Kakana ya ce, "Amarya, yaushe ƙane ya fara gwada wa wansa hannun da zai bi?" Amarya yake kirana tun ina goye, ni kuma in ce masa Ango mai ran ƙarfe.

Muddin hanyarmu ta yashi ce, abin dariya ne kawai. Jaki da amalanke ba su damu da hannun kowa ba. Da aka zuba kwalta, babura da adaidaita sahu suka yi yawa, sai dariyar ta fara ragewa. 'Yan acaɓan garinmu sun san shi, suna hango farar hularsa suke kaucewa. Baƙi ne ba su sani ba.

Wata ranar kasuwa, bayan an cire gyaɗa, wani mai adaidaita ya taho da buhuna har bisa rufi, suka yi kiciɓis da shi a kwana. Allah ya tsare, kakana ya faɗa cikin gonar wake, ya kuje gwiwa. Waɗanda suka gani sun ce yana kwance a cikin waken yana nuna direban da yatsa yana cewa, "Yaro, ba a koya maka hannunka ba?"

Mahaifina ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum mai bin doka har ta ba ka haushi. Da yamma ya zo, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya duba gwiwar. Da zai tafi sai ya cire sarƙar keken ya tafi da ita.

Na yi fushi da shi ƙwarai, duk da na san yana da gaskiya. Da na je ƙarshen mako na tarar da kakana a zaure, ya jingine keken a gabansa yana goge shi da tsumma, keken da ba ya zuwa ko'ina. An yi rasuwa a Kademi bai je ba. Na tsokane shi, na ce Ango ya tsufa zan nemi saurayi, bai rama ba. Wannan ne ya tsorata ni, domin tunda nake ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba.

Ni na shiga tsakani. Na roƙi mahaifina ya mayar da sarƙar, na roƙi kakana ya gwada hannun dama sau ɗaya tak. Ya ce zai yi, amma don ni, ba don gwamnati ba.

Ranar kasuwa ya hau, muka bi shi a baya a kan mashin ɗin mahaifina. Wallahi ko malamin tuƙi albarka. Ya kama gefen dama tsaf, bai karkace ba har kasuwa. Mahaifina har yana murmushi. Da muka sauka sai na ga fuskar tsohon babu walwala.

Na ce, "Ango, ai ka ci jarrabawa."

Ya ce, "Tun daga gida har nan ban gaisa da kowa ba. Kowa ta bayana yake zuwa, ya danna mini hon, ya wuce, ƙeya kawai nake gani. Masu tahowa kuma suna can tsallaken titi kamar mun yi faɗa. In haka ake tafiya yanzu, ku riƙe kekenku."

Mahaifina ya tsaya yana wasa da makullin mashin. Can ya ce, "Baba, ai mai tafiya a ƙasa hagu ne hannunsa, don ya riƙa ganin abin da ke tahowa. Haka dokar take."

"Dokar gwamnati?"

"Ita fa. In kun hau kwalta ku sauka ku tura shi ta hagu. In kun shiga hanyar gona ku hau abinku."

Kakana ya daɗe yana kallonsa, yana neman inda dabarar take. Sannan ya ce to, ashe da sauran masu hankali a gwamnati.

Haka aka yi, kuma haka ake yi har yau. Tafiyar da take ɗaukarsa ɗan lokaci yanzu tana cinye masa hantsi gaba ɗaya, domin duk wanda ya taho sai an tsaya an tambayi gida da gona da jikin tsohuwa. Sau da yawa yana isa kasuwa masu awo sun fara ɗaure buhu. Bai dame shi ba, dama ba sayayya ce take kai shi ba.

A daminar da ta wuce na taho ƙauye tare da mahaifina, yana tuƙi a hannunsa na dama kamar kullum. Daga nesa muka hango farar hula, ga tsoho yana turo keke a gefenmu, yana fuskantarmu. Mahaifina ya tsaya, ya kashe mashin, ya sauka ya durƙusa a bakin kwalta.

"Barka da hantsi, Baba."

Kakana ya jingina keken a ƙugunsa, ya sa hannu ya dafa kan ɗansa, mai furfura shi ma. Ya ce, "Ka gani? Da a wancan hannun nake, da ka wuce ni."