Zoɓon Tsohuwar Meziko

Kurɓa ɗaya na yi, na dire kofin na ce, "Wallahi zoɓo ne!"

Satina uku a Libreville, kewar Kano ta hana ni cin abincin kirki. Shi ne maigidana ya ja ni wani ɗan gidan abinci a unguwar Oloumi, na wasu iyali 'yan Meziko. Uban na gashin nama, 'yar na kai wa mutane, kakar na zaune tana fyaɗa fankasun masara da tafin hannu. Ni kuwa na ƙi taɓa komai don tsoron naman alade, sai ga tsohuwar da kanta ta miƙo min jan ruwa mai sanyi.

Maigidana ya fassara mata ihuna da Faransanci. Ta dafe ƙirji: "Namu ne, 'yata! Kakata ce ta koya min."

Na ce, "To Mama, kakarki ta manta citta da kanumfari."

Dariya ta yi har da hawaye, ta kama hannuna sai kicin, ta nuna min tukunya: "Gobe ki zo da su."

Jama'a, yau na cinye faranti biyu na wake. Ku fa, me ya taɓa mayar da ku gida a baƙuwar ƙasa?