Muryar Sanusi a wayar Inna Hajo

Cikin shekarun da na yi ina gyaran waya, ranar da ba ni mantawa ita ce wata ranar kasuwar Sabon Birni, ina shekara ta shida a shagon maigidana Malam Ummaru. Lokacin ana yabona da sauri, ni ma ina jin kaina.

Da hantsi wata tsohuwa, Inna Hajo daga Kamarawa, ta kwance waya daga bakin zanenta. Tana kunnuwa, amma ba ta wuce hoton farko. Mutane sun cika benci. Na ce, "Inna, zauna, yanzu za ni gama miki."

Na yi mata filashin. Ga wanda bai sani ba, filashin shi ne a goge duk abin da ke cikin waya a zuba mata sabuwar manhaja. Ƙa'ida ita ce a tambayi mai waya tukun, a kwashe abin da za a iya kwashewa. Ban tambaya ba.

Na miƙa mata tana aiki tsaf. Ta shafa gilashin, ta ce, "To ɗana, kunna min Sanusi."

"Wane Sanusi, Inna?"

"Ɗana. Fatauci shikai zuwa Nijar, bara ciwo ya ɗauke shi. Saƙonninai na murya duk suna nan ciki. Kullum da safe sai na ji shi."

Sukudirebar da ke hannuna ta faɗi. Malam Ummaru ya aje abin da yake yi, ya dube ni. "Bello, ka tambaye ta?"

Na ce masa ban tambaya ba.

Kwana biyu muna gwada manhajojin dawo da bayanai, ko saƙo ɗaya bai dawo ba. Da na faɗa mata, ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Ashe ya tafi ke nan." Da ma zagina ta yi.

Ranar Juma'a na hau babur zuwa Kamarawa, ina bin abokan marigayin ɗaya ɗaya. Mafi yawansu sun canza waya. Wurin na biyar na samu saƙo guda: Sanusi yana tambayar ko motar wake ta iso, yana dariya. Na tura mata, na kuma ajiye a wuri biyu. Sau huɗu ta saurara, sannan ta ce in tafi kada rana ta yi min.

Ku da kuke koyo yanzu, manhajoji za su canza, wayoyin da kuka ƙware a kai za su ɓace daga kasuwa. Abin da zai riƙe ku a sana'ar nan ƙarami ne: kafin ku taɓa na'urar mutum, ku dube shi ku ce, "Mi ke ciki wanda ba ka son rasawa?" Ku kuma tsaya ku ji amsar, ko da benci ya cika.