Koren motar babana

Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Idan na gama zan mayar muku da abinku.

Shekarun baya, gab da ƙasar nan za ta karɓi mulkin kanta, akwai wata mota a tsakar gidanmu a tsohon Zangon Kumasi. Ta mahaifina ce. Shi falke ne, goro yake kaiwa arewa, kuma ya sayi motar a hannun wani Bature tun ina rarrafe. Lokacin babban yaƙi aka shafe ta da fenti ruwan ƙasa, daga baya wani direba ya mulka mata baƙi da burushi. Sannan ta mutu a gindin mangwaro, kaji suka mai da ita ɗakin ƙwai. Ni dai da wayona baƙa na san ta.

Shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyata, yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Kullum ina zuwa daga gidan mijina in taya matan gidan gyaran goro, in same shi zaune a kan buzu yana fuskantar motar. Wata safiya ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya faɗin sunana.

Ya ce, "Uwata, ina so in ga motar nan da fuskarta ta fari kafin idon nan ya gama tafiya."

Na ce, "Baba, wane launi ne da ita?"

Ya ce, "Kore. Irin ganyen da kuke naɗe goro, idan kun yayyafa masa ruwa da safe. Ranar da na shigo da ita, mahaifiyarki tana bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Ta leƙa jikin motar ta ga fuskarta, ta ce, Malam, zo ka gan ni a cikin ganye."

Mijina fita ne, mai gyaran inji. Shi ya ɗauki aikin. Amma kun san tsakanin mutum da surukinsa a wancan zamani: gaisuwa a durƙushe, ido a ƙasa, shi ke nan. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ta bakina take bi. Cikin makonni kaɗan ya tayar da injin, kaji suka watse, yaran unguwa suka cika ƙofa. Sai aka zo kan fenti. Ya sa samfefa, takardar nan mai kaushi, a gefen motar ya goga da ƙarfin mai kwance ƙarfe. Baƙi ya tafi, ruwan ƙasa ya tafi, sai ga ruwan toka.

Ya ja ni gefe ya ce, "Je ki gaya wa Baba, a hankali, motarsa ba koriya ba ce. Na kai har ƙasa, toka ce. Tsufa ne kawai."

Na ce, "Ni zan gaya masa haka?"

Ya ce, "To wa ya haifa, ni ko ke?"

Na je na faɗa, na cire maganar tsufa. Na ɗauka Baba zai yi faɗa. Da ma faɗan ya yi. Sai kawai ya ce, "Ki ce Allah ya yi masa albarka. Shi yake da ido. Wataƙila mafarki na yi." Tun daga ranar bai sake fitowa gindin mangwaro ba. Abin da ya dame ni ba motar ba ce. Idan koren mafarki ne, to mahaifiyata da ƙwaryarta a bakin ƙofa su ma sun zama mafarki, kuma da bakina na kai masa saƙon.

Mijina ya sayo fentin toka, ya ce ranar Asabar zai fesa. Ranar Alhamis ina ɓare goro a tsakar gida sai ruwan Kumasi ya sauko, irin wanda ba ya sallama. Na ɗauki kwanona na faɗa cikin motar na ja ƙofa. Ruwa na kiɗa a rufi, gilashi ya yi hazo, gidan duka ya ɓace mini, kamar ina cikin kwalekwale. A gabana akwai wani ɗan akwati da ake ajiye takardu, fentin murfinsa ya ɗaga a kusurwa saboda yoyo. Mu masu goro hannunmu ba ya ganin ɓawo ya ƙyale. Kuma ba ma sa wuƙa, da farce muke bi, domin goron da aka ƙwarzane ya lalace. Ban ma san ina yi ba. Na ɗaga baƙin, ya taso. Na ɗaga ruwan ƙasan, ya taso. A ƙarƙashi akwai wani abu siriri, dishi-dishi, ba shi da wani launin kirki. Na tsoma yatsa a ruwan kwanon na shafa, yadda muke yi wa goro idan muna son ganin ainihin jikinsa.

Sai ga kore. Kore mai zurfi, mai sanyi, kamar mutum ya leƙa rijiya a cikin kurmi. Da ya bushe ya dushe, na sake jiƙawa ya dawo. Allah kaɗai ya san sau nawa na yi haka. Har ruwa ya ɗauke ina zaune, uwar 'ya'ya biyu, ina wasa da yatsa a jikin ƙarfe.

Da mijina ya zo na nuna masa. Ya duba, ya cire hula ya sosa kai.

Ya ce, "Ashe wuce shi na yi. Tokar nan shimfiɗa ce da ake sawa kafin fenti. Koren ya yi siriri, samfefa ta cinye shi."

Na ce, "Ai tsufa ne kawai."

Ya ce, "Ke dai riƙe mini ƙusar nan."

Ya kwance murfin ya kai wa wani Batone, wato mutumin Asante, mai haɗa fenti a kasuwa, tare da ganyen naɗe goro da kwalbar ruwa. Sau uku yana kawo mini gwaji ina mayar da shi. Na fari ya yi ɗanye, na biyu ya yi duhu, na uku na ce wannan kontomire ce, miyar ganyen gwaza. Mai fentin ya aiko a tambaya ko matar fita ce za ta hau motar ko Gwamna. A na huɗu na ɗora jiƙaƙƙen ganye a kai, na rasa inda ganyen ya ƙare.

Da shi aka fesa motar. Ranar da fenti ya bushe, da hantsi, mijina ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya shiga har ɗakin Baba ya ce da bakinsa, "Baba, ni ne na yi kuskure. Ka fito ka gani." Ya riƙo hannunsa har gindin mangwaro. A lokacin Baba ba ya rarrabe fuska, sai haske da manyan launuka. Ya tsaya, ya kai fuskarsa kusa da ƙofar motar har numfashinsa ya kwanta a kai. Sannan ya ce, "Uwata, zo ki tsaya nan." Na tsaya inda ya nuna, inuwata ta fito a jikin ƙofar. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ga ta nan cikin ganye."

Ban sani ba ko ni ya gani ko ita. Ban tambaya ba. Abin da na riƙe tun ranar shi ne, idan tsoho ya ce ya ga abu, ba na saurin cewa tsufa ne. Ina fara bi da farce tukuna.

Idon Baba ya rufe gaba ɗaya kafin wata daminar. Ya ƙara shekara huɗu, kuma idan aka yi masa jaje yakan ce shi ba duhu yake gani ba, kore ne. Mijina ya bar inji ya koma fenti, har ya rasu ba ya fara aikin tsohuwar mota sai ya nemi lungun da rana ba ta taɓa ba ya jiƙa shi da ruwa. Motar ta kai amare da yawa a Zango kafin ta koma hannun masu ƙarfe. Murfin nan kuwa ba a mayar da shi ba, yana ƙasan akwatina. Yanzu nawa idon ma ya fara hazo. Wasu safiyoyin nakan ɗauko shi, in tsoma yatsa a ruwan buta in shafa, koren ya taso, in zauna da shi har ya bushe.